Zurfin Garma

A garinmu ba dutse, ba tudu.
Baƙon da zai iso ranar Laraba,
tun Litinin muke hango ƙurar motarsa.
Sama ce ta cinye Saskacawan,
ta ɗauki kashi tara,
mu da alkama muke raba ɗayan.

Babana Metro ya gaji gona
daga wanda ya tsallako teku da gatari da bargo ɗaya.
Wata biyar ne nasa a shekara.
Sauran na sanyi ne,
sanyin da ke kama hawaye tun bai kai kunci ba,
ya sa ƙarfen ƙofa ya ciji hannu.

Ƙanena Yarema bai gaji jiran hadari ba.
Ya ɗaura fitila a goshi, ya shiga keji,
igiya ta zura shi kilomita guda cikin ƙasa,
inda aka ce wani teku ya mutu
tun ba a san mutum ba,
ya bar kanwa jajir, shimfiɗa kan shimfiɗa.
Can ƙasa gumi yake yi a watan Janairu.
Mu a sama muna hura yatsu.

Ni ce mai awo a rumbun gari.
Mota ta hau sikeli da kaya, ta sauka fayau,
in rubuta abin da ke tsakani.
Farashi kuwa ba nawa ba ne.
Da asuba yake zuwa ta waya
daga bakin mutanen da ba su taɓa
cire ƙaiƙayi daga wuyan riga ba.

Bara kanola ta yi fure,
rawaya har inda ido ya gaji ya dawo.
Ranar Asabar, wajen la'asar,
yamma ta haɗe rai.
Ƙanƙara kamar ƙwan zabo, minti goma sha biyu.
Baba ya fita bayan ta wuce,
ya tsaya a tsakiyar gona riƙe da hula,
bai ce uffan ba.
Injin tsotson mai da ke gefen shingenmu
bai fasa gyaɗa kai ba, kamar ƙadangare,
wai shi ya yarda da komai.

Albashin rami ne ya biya banki.
Da bazara Baba ya sayi taki buhu-buhu,
kanwar da ɗansa ya haƙo da hannunsa,
da tsadar da aka yanka a wata duniya.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani dare Yarema ya ajiye dunƙule a kan tebur.
"Daga ƙarƙashin gonarka ne, Baba. Na duba taswira."
Baba ya lasa, ya yamutsa fuska.
"Ba nawa ba ne. Takardata
ta tsaya inda garma ta tsaya."

Tsohuwa Delima, da ta kawo mana busasshen kifi daga arewa,
ta yi dariya har da tari.
"Mu ma haka kakata ta ce an faɗa wa nata kakannin:
aron zurfin garma kawai.
Ka ga ni da kai, Metro,
kan tabarma ɗaya muke zaune,
wani na jan ta ta ƙasa."

Ba wanda ya amsa.
Jirgin dare ya yi kuka a mararraba,
Baba ya shiga ƙirga taragu a ransa, yadda ya saba:
na alkama, na kanwa, na kanwa, na mai,
ɗari da arba'in da wani abu,
duk sun nufi teku.

Dunƙulen na nan a bakin taga.
In damina ta yi laima, yakan yi gumi,
ya bar ɗan tabon gishiri a katako.
Na goge sau biyu, na daina.